Rabon Faɗin Hanyar Sadarwa da Fifita Saƙonni Bisa Nau'in Aiki: Misali daga Bolori, Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai POS ko shagon kwamfuta a unguwar Bolori ta birnin Maiduguri, ya saba jin ana cewa "sabis ba kyau". Sau da yawa ba lalacewa hanyar ta yi ba, cunkushewa ta yi, domin abin da ake son turawa ya fi ƙarfin abin da za ta iya ɗauka. Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin yadda ake raba hanya ɗaya tsakanin ayyuka mabambanta, da kuma ma'aunin da ake bi wajen gabatar da wani saƙo a kan wani. Abin da takardar za ta nuna shi ne, fifitawa ba ta ƙara wa hanya faɗi. Aikinta kawai shi ne ta yanke hukuncin wanda zai jira.

Akwai dalilin zaɓen Maiduguri. A watan Satumba na 1​2 ɗin ƙarnin nan, watau 2012, an kai hare-hare a kan turakun wayar salula a birnin da wasu garuruwan Arewa. Bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a jihohin Borno da Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayu, 2013, an katse layukan waya na makonni masu yawa. Daga ƙarshen 2016 kuma, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta jagoranci samar wa ma'aikatan agaji hanyar intanet a Maiduguri da garuruwa irin su Bama da Gwoza da Monguno. Bolori kuwa tana cikin unguwannin da suka karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira. A irin wannan wuri, inda jama'a suka yi yawa hanya kuma ta yi kaɗan, batun rabo ba ƙaramin abu ba ne.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

A wannan takarda, "faɗin hanya" na nufin yawan bayanin da hanyar sadarwa za ta iya ɗauka a cikin daƙiƙa ɗaya. Ana auna shi da "bit", watau ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta. Bit 8 su ne bayit ɗaya, bit miliyan ɗaya kuma megabit ɗaya. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Akan yayyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki da adireshinsa a ka, shi ne za a kira "ƙunshi". Na'urar da ke karɓar ƙunshi ta ɗora shi a kan hanyar da ta dace ita ce "marabar saƙo". Idan ƙunshi ya iso ya tarar hanya a cike, sai ya shiga layi. Idan layin ma ya cika, sai a yar da shi. "Milisakan" kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa.

3.0 Bambancin Bukatun Ayyuka

Illolin cunkoso uku ne: jinkiri, da rashin daidaiton jinkiri, da salwantar ƙunshi. Kowane aiki da irin illar da ba ya jurewa.

(a) Magana kai tsaye. Kiran murya ba ya cin hanya da yawa, domin tsohon ma'aunin wayar tarho bit 64,000 ne a daƙiƙa, amma ba ya haƙuri da jinkiri. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar kada tafiyar murya daga baki zuwa kunne ta wuce milisakan 150. Manazarta harshe za su gane dalili. Binciken da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009 a kan harsuna goma ya nuna cewa matsakaicin tazara tsakanin tambaya da amsa a hira bai wuce kimanin milisakan 200 ba. A dubi gaisuwar Hausa ko ta Kanuri, inda ake jero tambaya da amsa ba kakkautawa. Da zarar jinkiri ya kai rabin daƙiƙa, sai masu gaisawa su riƙa cin karo, wannan ya yi shiru yana jira, wancan ya zaci ba a ji shi ba. Amma idan ƙunshi ɗaya ya salwanta, abin da aka rasa sautin milisakan 20 ne a galibi, kunne kuwa yakan cike gurbin.

(b) Cinikin kuɗi. Saƙon na'urar POS ƙarami ne ƙwarai, kuma jinkirin daƙiƙa ɗaya ba ya ɓata shi. Sai dai dole ya isa cikakke kafin wa'adin da aka ɗiba masa ya ƙare, in ba haka ba ciniki ya tsaya a rataye.

(c) Bidiyon kallo. Yana cin hanya fiye da kowa, amma yakan tara guzuri na daƙiƙoƙi kafin ya fara nunawa, kuma yakan rage kyawun hoto idan hanya ta ƙuntata.

(d) Fayil da wasiƙa. Ba sa yarda ko harafi ɗaya ya ɓace, amma suna iya jira. Ya kamata a lura cewa saƙon murya da ake naɗa a WhatsApp a wannan rukuni yake, ba a rukunin farko ba, ko da yake duka magana ce. Ashe ke nan ma'aunin rarrabewa shi ne halin aikin dangane da lokaci, ba abin da saƙon ya ƙunsa ba.

4.0 Tarihin Alamar Nau'in Aiki

Tun a ƙa'idar intanet ta watan Satumba 1981, wadda Jon Postel ya tace, aka keɓe bit 8 a kan kowane ƙunshi don bayyana nau'in aikinsa. Uku daga ciki suna nuna daraja daga 0 zuwa 7, bisa tsarin matakan gaggawa na saƙonnin sojan Amurka. Wasu ukun kuma suna roƙon ƙarancin jinkiri, ko yalwar hanya, ko tabbacin isa. A aikace, ba a kula da wannan alama sosai ba.

A 1994 aka gabatar da wata dabara, inda kowane kira zai nemi a ajiye masa gurbi a kowace maraba kafin ya tashi. Wannan ya yi wa manyan hanyoyi nauyi, domin sai maraba ta riƙe lissafin dubban ɗaruruwan masu kira. Saboda haka a watan Disamba 1998 aka sake fasalin tsohuwar alamar: aka ɗauki bit 6, waɗanda ke ba da lambobi 64, ana tara saƙonni rukuni-rukuni. Lamba 46 ita ce ta saƙon da za a wuce da shi nan take, kamar murya; lamba 0 kuwa ta gama-gari ce, wadda ba a yi mata alkawarin kome ba.

Wayar salula ma tana da nata tsarin. A GSM, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2001, kowace tasha ta kasu gurbi takwas na lokaci, kuma galibi kiran murya yana iya ƙwace gurbin da intanet ke amfani da shi. A tsarin 4G akwai lambobin aji: 1 ta kiran murya ce, 9 kuma ta intanet na gama-gari. Haka kuma an tanadi gata na musamman ga kiran gaggawa irin na lamba 112.

5.0 Misali daga Shagon Kwamfuta

A ɗauka wani shago ne a Bolori, wanda hanyarsa ta aikawa ke ɗaukar megabit 2 a daƙiƙa. Wani ɗalibi yana tura hotunan takardunsa don rajista, mai shago kuma yana kiran ɗan'uwansa a Kano ta intanet. Babban ƙunshi bayit 1,500 ne, watau bit 12,000, don haka fitarsa za ta ci milisakan 6. Idan ƙunshin ɗalibin guda 100 suna layi, muryar mai shago za ta jira milisakan 600, ninki huɗu ke nan na iyakar da aka ambata a sama. Abin ya yi kama da yaron da ya zo famfo da kofi, ya tarar da ɗan ga-ruwa ya jera jarkokin kurarsa. In an bar yaron ya tara, ɗan ga-ruwa bai yi asarar a-zo-a-gani ba.

Matakan gyara huɗu ne. Na farko, rarrabewa da sa alama tun daga ƙofar shiga. Na biyu, buɗe layi fiye da ɗaya: layin murya a sallame shi kafin kowa, ta yadda jiransa ba zai wuce milisakan 6 na ƙunshin da ya riga ya hau hanya ba. Na uku, raba saura bisa kaso, alal misali rabi ga rajista da cinikin kuɗi, rabi ga sauran ayyuka, tare da sharaɗin cewa kason da mai shi bai yi amfani da shi ba wani zai ara. Na huɗu, sa wa layin gata iyaka, domin in ba a yi haka ba zai iya hana kowa wucewa.

6.0 Iyakokin Dabarar

Da farko, idan kowa ya sa wa saƙonsa lamba 46, an koma gidan jiya. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Shi ya sa kamfanoni sukan goge alamar da ta fito daga hanyar da ba tasu ba. Na biyu, akwai jinkirin da fifiko ba ya magani. Tauraron ɗan'adam mai tsayuwa wuri ɗaya yana nisan kilomita 35,786, hawa da sauka kaɗai sun kusa cin milisakan 240. Na uku, mafi yawan saƙonni a yau a kulle suke tafiya, don haka gane nau'insu ya ƙara wuya.

Na huɗu shi ne batun adalci. Fifita murya a kan fayil hujjarsa ta fasaha ce. Fifita saƙon kamfanin da ya biya a kan na wanda bai biya ba kuwa wata magana ce dabam. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 ta halatta na farko, ta hana a gina rabo a kan ribar kasuwanci.

7.0 Kammalawa

An ga cewa rabon faɗin hanya ya dogara ne a kan sanin abin da kowane aiki zai iya jurewa: murya ta jure salwanta ba ta jure jinkiri ba, fayil ya jure jinkiri bai jure salwanta ba. Na'ura tana aiwatar da rabo ne kawai, mutum ne ke tsara shi. A wuri irin Bolori, inda jama'a da dama suka fi dogara da maganar baka cikin Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa fiye da rubutu, matsayin da aka ba murya a layi shi ne zai nuna ko hanyar ta yi musu amfani. Don haka ya dace masana harshe su sa baki a wannan fage, ko da ta hanyar daidaita kalmomin da za a yi wa jama'a bayani da su ne.