Aiki da hutu a Agye, Gazawa da Gidan Rumji: hutun damana tun da kaka ake tanadinsa

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jahar Maraɗi, aiki ba ya rabuwa daidai cikin shekara. Daga saukar ruwa a watan Yuni zuwa girbi a Oktoba, manomi ba ya da lokacin kansa. Bayan kaka kuma, wasu su tafi cin rani Katsina ko Kano, wasu su koma kasuwa, ɗinki ko kabu-kabu. Mutumin gari ma bai tsira ba: da wuya ka samu malamin lakwal ko mai shago a Cadawa, Gangara ko Tsibiri da ba ya da gonar hatsi, wake, gujiya ko aya. Tambayar ita ce, ta yaya mutum zai ɗauki wannan nauyi shekara da shekaru ba tare da jiki ya karye ba?

Abin da doka da likitoci suka ce

Dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 ta tsaida aikin ma'aikaci a awa 40 a mako, da hutun awa 24 a jere kowane mako, da hutun shekara na kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki. Sai dai wannan kariya ta mai albashi ce. Tela, mai tireda, mai tuyar ƙosai da ɗan kabu-kabu su ne iyayen gidan kansu, babu mai kaɗa masu ƙararrawar tashi.

Jiki kuwa bai san bambancin mai albashi da mai sana'ar hannu ba. A watan Mayun 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike da ya nuna cewa mutum 745,000 sun mutu a shekarar 2016 da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki ya fi mai yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100. Mai shagon da ke buɗewa ƙarfe 7 na safe, ya rufe ƙarfe 10 na dare, kwana bakwai a mako, yana shafe awa 105 a shago. Ko an cire lokacin salla da cin abinci, ya wuce iyakar da nisa.

Inda gajiyar take farawa

Gajiyar da ta fi cin mutane a wannan yanki tana da lokacinta: watannin Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, farashin tiya ya hau. Magidancin da ba ya da cimaka dole ya tafi ƙwadago gonar wani da safe don ya samo abin ɗora tukunya, sannan ya zo tasa gonar da yamma ba ƙarfi. Ciyawa ta ci shukarsa, amfani ya ragu, baɗi rumbun ya ƙare da wuri fiye da bana. A daidai wannan lokaci ne zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara, uwa ta kwana ba barci, gari ya waye ta nufi gona.

Bayan ƙamfar abinci ta 2005, shirin PPILDA da asusun bunƙasa noma na duniya FIDA ya tallafa wa a gundumar Agye, wadda a lokacin ta haɗa da Gazawa, ya kafa bankunan cimaka a hannun mata. Tsarin mai sauƙi ne: gida ya ari hatsi a tsakiyar damana, ya maida bayan girbi tare da ɗan ƙari. Abin da gidan ya samu ya wuce tuwo, ya samu kwanakin da zai yi a gonarsa a lokacin da gonar ta fi bukatarsa.

Darasin nan ya shafi kowa, har wanda ƙauyensu ko unguwarsu ba ta da irin wannan banki. Ranar da aka ɗaure dammuna, a ware na damana a rumbu daban, kafin a fara lissafin biki, suna da sabon babur. Hatsin da aka saida da arha a Nuwamba, shi ake komawa saye da tsada a Agusta, kuma da gumin jiki ake biyan bambancin.

Ɗan abin da ake ajewa kullum

Ga wanda sana'arsa ta kuɗin yau da kullum ce, asusu ne rumbunsa. A shekarar 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jahar Maraɗi: mata su haɗu sau ɗaya a mako, kowacce ta zuba abin da aka amince, mai bukata ta ci bashi daga akwatin, a ƙarshen zagaye a raba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ƙarfinsa ba ya cikin yawan kuɗin, yana cikin rashin tsallake mako.

Dala ashirin a rana jika uku ce a wata, sama da jika 36 a shekara. Ɗan kabu-kabun da yake da wannan ajiya, in zazzaɓi ya kama shi zai iya kwanciya kwana uku ya sha magani. Wanda ba ya da ita zai hau babur yana rawar sanyi, ya jefa kansa da fasinjansa cikin haɗari. Rufe iyakar Najeriya a Agustan 2019, da kuma wanda ya biyo bayan Yulin 2023, sun nuna wa ƴan kasuwar yankin cewa ciniki yana iya tsayawa dare ɗaya.

Raba mako, raba yini

Magabata sun san ba a zuba dukkan ƙarfi wuri guda. A tsarin gandu, iyali suna noman gonar gida wasu ranaku na mako, sauran ranakun mata da samari su shiga gamanarsu. Aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya a kira masa gayya. Juma'a da ranar kasuwa kuma suna yanke mako. Yau ƙarancin fili ya raunana gandu, amma dabarar tana nan da amfaninta: mai sana'a ya zaɓi yini ɗaya, ko da rabin yini ne, da abokan cinikinsa za su san ba ya buɗewa. Makwanni kaɗan za su saba.

Yini ma a rabe yake, domin salloli biyar sun riga sun yanka shi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, aiki mai nauyi irin su sharar gona, gini da dako ya fi dacewa daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Tsakanin azahar da la'asar a nemi inuwa, a sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta matsa, a ɗan runtsa. Jiri, ciwon kai da fitsari mai duhu alamu ne na cewa jiki yana neman ruwa da hutu. In mutum ya fara rikicewa ko ya suma, a sanyaya masa jiki, a garzaya da shi asibiti.

Da dare kuwa, babba yana bukatar barcin aƙalla awa 7. Zaman fada yana da daɗi kuma yana ƙarfafa zumunci, amma shayi mai kauri bayan isha'i da kallon WhatsApp ko TikTok har ƙarfe ɗaya suna cinye barcin wanda zai tashi da asuba. A dawo da shayin yamma, a aje salula nesa da shimfiɗa, a kwana cikin gidan sauro.

Wa yake hutawa a gidan?

Ba za a ce gida ya samu daidaito ba in maigida ne kaɗai yake hutawa. Mace a karkara tana daka, ɗebo ruwa, neman itace, girki da reno, ga gona, ga sana'ar mai da ƙuli-ƙuli. Duk abin da ya rage mata tafiya ya ƙara wa gidan lafiya.

Sassaben zamani ya nuna haka. Tun daga shekarun 1980, manoman jahar Maraɗi suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi masa aski, maimakon sarewa da ƙonewa. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna da kwamitinsa na tsaron itatuwa, wanda ya haɗa maza da mata. Masu bincike sun ƙiyasta cewa fili kusan hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a jahohin Maraɗi da Damagaram. Gawo yana ƙara wa ƙasa taki, dabbobi su samu abinci da rani, itacen girki kuma ya dawo kusa da gida. Aikin ƴan mintoci ne a kan kowane kututture, amma yana rage wa mata doguwar tafiyar daji shekara bayan shekara.

A cikin gari ma haka abin yake. Kuɗin injin niƙa, amalanken da zai kawo ruwa, ko a ɗora wa samarin gida ɗebo ruwa da kiwo, duk hanyoyi ne na sama wa uwargida awa ɗaya ko biyu. Kai yara karɓar maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa kowane wata da damana yana rage dararen jinya.

Daga ina za a fara?

Ba a ɗaukar duka lokaci guda. Mai karatu ya zaɓi abu ɗaya da ya fi ƙarfinsa a yanzu: in barci ne, ya tsaida lokacin tashi daga fada, in kuɗi ne, ya fara da dala ashirin, in gona ce, ya ware dammunan damana tun ranar girbi. Ya riƙe shi wata guda kafin ya ƙara na biyu. Kuma duk wanda ya haura shekara 40, ko yake yawan ciwon kai da kasala, ya tsaya asibiti mafi kusa a auna masa hawan jini, domin ciwon yakan daɗe a jiki ba tare da ya nuna alama ba.