Ziyarar Dajin Gashaka-Gumti: Abin da Ya Kamata Mai Zuwa Ya Sani

Da yawanmu ba mu taɓa ganin naman daji ba sai a gidan zu, inda dabba take cikin keji tana jiran a zo a kalle ta. To, daji ba haka yake ba. Can kai ne baƙo, kuma mai gida ba ya fitowa don ka yi sallama.

Gandun dajin Gashaka-Gumti yana cikin jihohin Taraba da Adamawa, a kan iyakarmu da Kamaru. A shekarar 1991 aka mai da shi gandun daji na ƙasa, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Wanda ya taso daga Jalingo zai bi ta Bali ya isa Serti, inda ofishin gandun yake. Nan ake neman izini, a haɗa mutum da ɗan jagora daga cikin ma'aikatan dajin. Kada wani ya ce shi ɗan ƙauye ne, ya san daji, zai shiga shi kaɗai. Kurmin can ya sha bamban da jejin da muke kiwo.

A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419. Babu dutsen da ya kai shi tsawo a ƙasar nan. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, kuma ana hawa sanyi na ƙaruwa, har mutumin da ya baro ƙasa yana gumi ya kwana a sama yana neman bargo. Da rani ake zuwa, kamar daga Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna na cika su tare hanya.

Akwai ɓauna, da gwanki, da mugun dawa, da dorina, da kada, da tsuntsaye iri-iri. Amma wanda ya fi jan mutane shi ne birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi. Kowace yamma yakan tanƙwara rassa a saman itace ya yi wa kansa shimfiɗa. Yakan kuma gyara tsinke ya zura cikin ramin zuma ya lashe, ko ya ɗebo tururuwa da shi. Sau da yawa shimfiɗar da tsinken kaɗai za ka tarar, shi kuwa ya ji motsinka tun daga nesa ya yi gaba. Ni a ganina wanda aka nuna masa waɗannan, ya gane su, bai yi asarar tafiya ba.

Saboda haka a fita da sassafe, a yi shiru, a taka a hankali. Mu malamai mun san shirun nan shi ne zai fi yi wa yaranmu wuya! A bar turare a gida. A guji baƙaƙen tufafi da shuɗi mai duhu, don su ne ke jawo ƙudan tsando. Kada a ba biri abinci, in ya saba sai ya koma ƙwace. Mai mura kuma kada ya matsa kusa da cimfanzi, domin cutar da mu za mu warke cikin mako guda tana iya kashe shi.

Ruwan da ke gangarowa daga waɗannan duwatsu yana shiga kogin Taraba, shi kuma ya zuba cikin Binuwai. Itatuwan kurmin ne ke riƙe shi su sake shi kaɗan-kaɗan har cikin rani. Wajen shekarar 2015 an yi ta saran madobiya a jihar Taraba ana kai wa ƙasar Sin, ga kuma masu farauta ba bisa ƙa'ida ba. Don haka in ɗan jagora ya hana ka karya reshe ko hura wuta inda ka ga dama, kada ka yi masa gardama.