Limbe, Tsakanin Dutse da Teku

Wanda ya saba da farin yashin rafukan Arewa, in ya isa Limbe, a mashigin tekun Ambas na ƙasar Kamaru, zai yi mamakin ganin yashin gaɓar baƙi wuluk. Wannan kuwa aikin Dutsen Kamaru ne, mai aman wuta, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000.

Dattawa sun fi sanin garin da Biktoriya, gama sai a 1982 aka sake masa suna. Akwai lambun itatuwa wanda Jamusawa suka kafa a 1892, amma a ganina baƙo ya fi ƙaruwa in ya bi gaɓa yamma zuwa Bakingili. Can ne narkakken dutse ya gangaro a 1999, ya cinye gonakin kwakwar manja, ya datse titin mota, sa'an nan ya tsaya dab da teku. Har yau tulinsa na nan. Gaba kaɗan sai Debundsha, inda ruwan sama kan kai kimanin mita 10 a shekara.

Sai dai tun 2017 yankin ke fama da rikicin 'yan aware, saboda haka mai niyyar zuwa lalle ya fara binciken lafiyar hanya.