Hokin Ƙanƙara: Dokokin da Aka Zana a Kan Fili

Hokin ƙanƙara ya samu siffarsa ta yanzu a ƙasar Kanada. A birnin Monreyal aka buga wasa na farko da aka tsara cikin rufaffen fili, ran 3 ga watan Maris na 1875, kuma a nan aka kafa babbar gasar ƙwararru ta NHL a 1917. Wanda ya fara ganin wasan a talabijin yakan ga gudu da karo kawai, har abin da ake rububi a kansa ya ɓace masa. Amma muhimman dokokin ba su da yawa, kuma manufarsu ɗaya ce: a ja linzamin gudun da santsin ƙanƙara yake bai wa ƴan wasa, kada ya koma hargitsi.

Filin da ake amfani da shi a Arewacin Amurka tsawonsa mita 61 ne, faɗinsa mita 26, an kewaye shi da gajeren bango da gilashi. Ƴan wasa suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, kowa da sanda mai lanƙwasa a baki. Maimakon ƙwallo, wani faifai na baƙar roba mai tauri ake bugawa, faɗinsa wajen santimita 7 da rabi. Kowace ƙungiya tana da mutum 6 a fili: mai tsaron gida, masu tsaron baya 2 da masu kai hari 3. Ana buga zango 3, kowane minti 20, kuma agogo yana tsayawa duk sa'ad da alƙali ya busa usur. Saboda tsananin gudu, ana musanya ƴan wasa ba tare da an tsayar da wasa ba. In ban da mai tsaron gida, da wuya mutum ya daɗe fiye da minti ɗaya bai fita ya huta ba.

Layuka 5 ne suka gitta filin: ja a tsakiya, shuɗi guda 2 da suka raba shi gida uku, sai jajaye sirara 2 da suka bi ta bakin kowace raga. Dokoki biyu sun rataya a kansu. Ta farko ita ce satar gida, amma ba irin ta ƙwallon ƙafa ba, don ba a duban inda masu tsaron baya suke. Sharaɗin shi ne faifai ya riga duk mai kai hari ƙetare shuɗin layin abokan karawa. Ta biyu ta hana cillin nesa: idan ɗan wasa ya cilla faifai daga rabin filinsu, ya wuce layin ragar abokan karawa ba wanda ya taɓa shi, sai a tsayar da wasa, a komo kusa da ragar wanda ya cilla. Ta haka ƙungiyar da aka matsa wa ba za ta huta ta hanyar watsar da faifai ba. Duk lokacin da za a ci gaba, alƙali yakan saki faifan tsakanin sandunan mutum biyu, kowa ya yi ƙoƙarin riga ɗan'uwansa.

Hukunci kuwa da lokaci ake auna shi. A wasan maza an yarda a bangaji mai faifai da kafaɗa ko ƙugu, amma taɗiya, riƙo, maƙale mutum da sanda, ko dukan fuskarsa da ita laifi ne. Mai laifi yakan zauna minti 2 a bencin hukunci, ƙungiyarsa ta ci gaba da ragin mutum ɗaya. Idan aka ci su kafin wa'adin ya cika, sai ya koma fili. Babban laifi minti 5 ne, kuma ko an ci su sai ya cika su. Don kada nauyin ya yi yawa, an ɗage wa ƙungiyar da aka rage dokar cillin nesa. Wannan lissafi na yawan mutane shi ne yake sa ƙungiyar da ake ci ta fitar da mai tsaron gida gab da tashi, ta sa mai kai hari a madadinsa, ta bar ragarta wayam.

Ga ɗalibin ilimin harshe, wasan yana da wani darasi. Da Ingilishi aka fara rubuta dokokinsa, amma masu jin Faransanci a Kebek sun gina nasu kalmomin. René Lecavalier, wanda ya fara sharhin wasannin a talabijin na Radio-Canada a 1952, ya yi suna wajen maye gurbin kalmomin aro da na Faransanci. Har yau faifan da ake kira «palet» a Faransa, «rondelle» ake ce masa a Kebek. Hausa ta riga ta gaji «mai tsaron gida» da «satar gida» daga ƙwallon ƙafa. Sauran kuwa, irin «cillin nesa» da «bencin hukunci», sai an ƙirƙira. Kuma ba a raɗa wa doka suna mai ɗorewa sai an fahimci abin da ta hana da dalilin hanawar.