Burtsatse a Kowane Gida Ba Zai Kashe Ƙishin Shabu Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin dillalan filaye a Shabu da sauran gefunan Lafiya: "Alhaji, kai dai ka kama fuloti. Ruwa ba matsala ba ne, teku ce a ƙarƙashin ƙasar nan, ko'ina ka huda za ka same shi." Mai saye ya ji daɗi ya biya, kafin a sa harsashi an kira masu inji. Maƙwabcinsa ya yi haka, na gaba da shi ma haka. Wannan magana ta ishe ni, domin ƙarya ce da ake sayar wa mutane tare da fili, kuma 'ya'yanmu ne za su biya bashinta.

Tun da aka cire Jihar Nasarawa daga Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka mai da Lafiya babban birni, garin bai daina faɗaɗa ba. Ma'aikatu sun zo, Jami'ar Tarayya ta zo, ga Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a nan Shabu. Hanyar Akwanga ta ja gine-gine har gonakin da muka sani sun koma unguwanni. Tsara gari ba wani abu ba ne illa a yanke inda hanya, kwata, makaranta da bututun ruwa za su bi tun kafin a ɗora bulo. Mu kuwa mun juya abin: gini da farko, tunani daga baya. Alhali Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane.

To, bari mu zo kan tekun nan da ake faɗa. Babu teku a ƙarƙashin Lafiya. Abin da ke akwai dutsen yashi ne mai ƙananan ƙofofi, wanda ke shan ruwan sama yana riƙewa. Duk ɗigon da injinka ya zuƙo, ruwan wata damina ne da ta wuce, wanda ya samu ƙasa a buɗe ya nutse a hankali. Ruwan ƙasa randa ce guda ta dukan unguwa: damina ke cika ta, kowa kuma yana tsoma moɗarsa. In masu ɗiba sun yi yawa, mai zubawa bai ƙaru ba, ba sai malami ya gaya maka ƙarshen zance ba.

Kuma katangar gidanka ba ta kai can ƙasa ba. Idan ka haƙa mai zurfi ka sa injin tsotso mai ƙarfi, ruwan da ke kewaye yakan gangaro wajenka, matakinsa ya sauka a duk zagayen. Wanda zai fara ji a jikinsa shi ne talakan da ke da rijiyar guga. Je ka tsaya bakin irin wannan rijiya a watan Maris da asuba: mace ta ƙulla igiya kan igiya, ta saki guga, ta jira, ta jawo rabin guga na jan ruwa mai laka, ta zuba a bokiti ta ajiye ya kwanta. Can bayan katanga kuma tankin maƙwabci ya cika yana ambaliya, an manta ba a kashe inji ba. Shi yana ganin ruwansa ne, tunda kuɗinsa ya haƙa. Ramin ne naka, malam, ruwan na jama'a ne.

Abin takaicin ma, hannun da ke ɗiba shi ne ke toshe bakin randar. Yanzu alamar wadata ita ce a malale tsakar gida da siminti daga ƙofa har bayan ɗaki, a sare mangwaron da aka tarar, kada a bar ko taki ɗaya na ƙasa. Fadamar da ke tare ruwa ta shayar da ƙasa, an cike ta da ɓaraguzai an yanka fulotai. Ruwan da ya kamata ya nutse sai ya kwarara kan titi, ya ci gindin katanga, ya buɗe kwazazzabo, ya wuce rafin Amba ya tafi abinsa. A watan Agusta mu yi kukan ambaliya, a watan Maris mu yi kukan ƙishi, ba mu lura cewa ciwo ɗaya ne ba.

Sai batun da ba a son faɗa. A fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari, mutum zai haƙa masai a wannan kusurwa, burtsatse a waccan, maƙwabci kuma ya jingina nasa masan da katangar da ke kusa da rijiyarka. Masana lafiya na ba da shawarar tazarar kusan mita 30 tsakanin masai da rijiya, ƙasa mai yashi kuwa ba ta tare ƙazanta sosai. Ruwa na iya fitowa garau alhali yana ɗauke da taifod ko amai da gudawa. Ido ba ya gwada ruwa.

Wanda ke ganin tsoratarwa ce, ya dubi waɗanda suka riga mu. Jakarta ta Indunusiya ta yi ta zuƙar ruwan ƙasa har wasu unguwanninta na arewa suna nutsewa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnati ta sanar a 2019 cewa za ta ƙaurar da babban birnin. A shekarar nan ta 2019 manyan madatsun birnin Cennai na Indiya suka kusa ƙafewa ƙaf, har da jirgin ƙasa aka riƙa kawo ruwa. A 2018 an ƙayyade wa kowane mutum a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu lita 50 a rana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Gaskiya ne famfon gwamnati bai bi garin zuwa sababbin unguwanni ba, ga matsalar lantarki, ga sauyin yanayi. Amma ga abin da ke hannunmu.

Na farko, tari ruwan sama. Lafiya na samun fiye da milimita 1,000 a shekara, kuma kowace milimita a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 100 na zubar da sama da lita 100,000 a damina ɗaya, wato jarka 4,000 mai cin lita 25. Lissafa abin da kake ba mai kura a kan jarka ɗaya ka gani. Sa indararo da tanki mai murfi, ka bar ruwan farko ya wanke rufin kafin ka tara. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ta wajabta wannan a kan gine-gine tun 2003.

Na biyu, abin da tanki bai ɗauka ba a mayar wa ƙasa. Haƙa rami nesa da masai da harsashi, ka cika shi da duwatsu, tsakuwa da yashi, ka juya bakin indararo ciki. Ka bar wani sashe na tsakar gida ba daɓe, ka dasa itace ko biyu.

Na uku, kafin ka biya kuɗin fili, je ka gan shi a tsakiyar damina. Tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke bi. Ka binciki takardu a hukumar filaye ta NAGIS, ka nemi izinin gini a Hukumar Raya Birane ta jiha. Fili mai araha a cikin fadama tsada ce da ke jiran ka.

Na huɗu, masu unguwanni da masu gonakin da ake yankawa su ji tsoron Allah. Duk shimfiɗar fulotai a ware mata hanya, magudana, da filin rijiyar jama'a tun kafin a sayar da fuloti na farko. Burtsatse ɗaya mai aiki da hasken rana, da babban tanki da bututu zuwa gida ashirin, ya fi ramuka ashirin sauƙin kuɗi, ya fi su sauƙin gwadawa da gyara. A kafa kwamiti, a riƙa karo-karo, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Na biyar, in dole sai ka haƙa, zauna da maƙwabtanka ku san inda masan kowa yake. Nemi masanin ƙasa ya duba, a toshe wuyan ramin da siminti yadda ruwan kwata ba zai zurara ciki ba, a kai ruwan ɗakin gwaji. Sa wa tankinka na'urar da ke kashe inji in ya cika. Addininmu ya hana ɓarnar ruwa ko a wajen alwala, balle a bar shi yana malala a lungu.

Masu hali kuma su tuna Sayyidina Usman, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Wanda ya fitar da famfo ɗaya bayan katangarsa ya rage wa unguwa yawan ramuka.

Shabu na da sauran filin da ba a gine ba, kuma wannan dama ce da cikin garin Lafiya ya riga ya rasa. A kai maganar nan masallaci, coci da taron unguwa kafin a yanka gona ta gaba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon kawo famfo, mu kuma Ya ba mu hankalin tattalin abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu.