Kalmar "Winner" a Bakin Baturen Zaɓe

Kalmar Ingilishi ta "winner", wadda ake fassarawa da wanda ya yi nasara, ta samo asali ne daga tsohon aikatau "winnan", wanda fiye da shekara dubu da suka wuce yake nufin shan wahala da gwabzawa, kafin ma'anarsa ta koma kan abin da ake samu bayan wahalar. Hausa ba ta tara wannan ma'ana a kalma ɗaya ba, domin ɗan kokawa kaye yake yi, ɗan dambe kisa yake yi ko da abokin karonsa ya miƙe ya kakkaɓe jikinsa, ɗalibi cin jarrabawa yake yi, ita kuwa "nasara" aro ce daga Larabci, inda tushenta yake ɗauke da ma'anar taimako, abin da ya dace da yadda Bahaushe yake jingina ta ga Allah.

Inda kalmar "winner" ta fi nauyi ga mutumin ƙaramar hukumar Jahun ta jihar Jigawa shi ne ranar bayyana sakamakon zaɓe, domin a nan ta tashi daga maganar baki ta zama hukuncin doka. Sashe na 179 na tsarin mulkin 1999 bai wadatu da yawan ƙuri'u kaɗai ba. Ya shardanta wa ɗan takarar gwamna samun aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kowace ɗaya daga cikin aƙalla kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiharsa, wato 18 daga cikin 27 na Jigawa. Da wannan ma'auni aka ayyana Umar Namadi na APC a matsayin wanda ya yi nasara a Dutse, babban birnin jihar, bayan zaɓen 18 ga Maris 2023 da ya kara da Mustapha Sule Lamido na PDP.

Rashin fahimtar bambancin da ke tsakanin yawan ƙuri'u da hukuncin doka yana da haɗari, musamman ga matasan da suke fara murnar "mun ci" tun daga rumfar zaɓe, alhali sakamakon bai wuce mazaɓa ba, balle ya isa cibiyar tattarawa ta Jahun, daga nan a kai shi Dutse. Baturen zaɓe, wato jami'in da hukumar INEC ta naɗa don sanar da sakamako, shi kaɗai ne yake da ikon furta kalmar, wanda kuma bai gamsu ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe.