Canjin giyabos: a ƙirga haƙora kafin a biya kuɗi

Yau zancen Jeep Wrangler ta Amurka zan yi, mai silinda shida. Daga 1987 zuwa 1989 giyabos ɗin Fijo, BA-10/5, aka sa mata, shi kuwa ba ya jure wahalar daji. Shi ya sa masu ita ke cire shi su ɗaura AX15.

To amma fa, sandar bayan na Fijo haƙora 21 gare ta, ta AX15 kuwa 23. Don haka akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya ba zai zauna ba, sai an canza giyar bakinsa ko an sauya shi ɗungurungum.

Ni dai shawarata: ku ƙirga haƙora, ku auna farfela, sannan ku biya. Sai shiri na gaba.